Daga Lifidi Zuwa Shimfiɗa: Fasahar Haɗin Ƙyallaye a Ƙasar Gobir

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi fasahar harhaɗa guntayen yadi a mayar da su abin shimfiɗa ko abin rufa, ta kuma aza ta a cikin tarihin tufafi na ƙasar Gobir, musamman yankin Sabon Birni da Isa da ke gabashin Jihar Sakkwato. Matsayar maƙalar ita ce, haɗin ƙyallaye yana da tsofaffin saiwoyi guda uku a ƙasar Hausa: haɗa ƙwarya da ƙwarya a saƙar gargajiya, da ɗinkin lifidi na mayaƙa, da kuma maho da ake yi wa tsohuwar tufa. An bayyana yadda zuwan atamfa da keken ɗinki ya samar da ƙyallaye masu yawa, da matakan da ake bi wajen haɗa su, da hukuncin mallakarsu a fiƙihu da al'ada. Daga ƙarshe an nuna abin da nazarin Hausa zai rasa idan aka ci gaba da kau da kai daga wannan fasaha.

Fitilun Kalmomi: ƙyalle, tsumma, maho, ƙwarya, lifidi, Gobir

1.0 Gabatarwa

Tufafin Hausawa sun samu kulawar masana daidai gwargwado. Shea (1975) ya yi nazarin rini da fataucin baƙaƙen tufafi na ƙasar Kano, Heathcote ya shafe shekaru yana bibiyar aikin allura na riguna da huluna, Kriger (2006) kuma ta dubi matsayin tufa a tarihin Afirka ta Yamma. Abin lura shi ne, akasarin irin waɗannan ayyuka sun fi karkata ga tufar da ke kan ganiyarta, wato wadda ake kai wa kasuwa ko ake sanyawa a fada. Ƙarshen rayuwar tufa bai samu wannan gata ba, alhali kowane turmi da ya shiga hannun tela yana barin guntaye, kowace riga kuma tana da ranar da za ta koma tsumma.

Bahaushe bai saba zubar da waɗannan guntaye ba. Da su ake naɗa gammo, ake cusa matashin kai, ake yi wa jaki akumari, ake toshe bakin tulu, ake kuma ɗinka wa yara 'yan tufafi. Mafi wahala a cikin waɗannan ayyuka shi ne harhaɗa su a fitar da shimfiɗa ko abin rufa mai rufi biyu ko uku. Ana kiran abin da aka ɗinka da sunan aikin da zai yi: in na kwanciya ne a ce shimfiɗa, in na rufa ne a ce mayafi ko bargo. Domin sauƙin bayani, wannan maƙala za ta kira fasahar baki ɗayanta da suna "haɗin ƙyallaye".

2.0 Farfajiyar Nazari

Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa suna cikin kwarin Gulbin Rima, inda kogunan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ke zuba. A wannan yanki ne kufan Alƙalawa yake, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a tsakiyar ƙarni na 18, wanda ya faɗa hannun masu jihadi a 1808. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can ne kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Isa kuwa ta tashi a matsayin ribaɗin Daular Sakkwato. Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba ƙasar Gobir gida biyu, ta bar garuruwa irin su Burkusuma a bakin iyaka, 'yan uwansu na jini suna tsallake.

Abubuwa biyu na wannan yanki suna da alaƙa ta kai tsaye da batun da ake tattaunawa. Na farko shi ne sanyin hunturu, wanda kan kama daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, ya kuma fi tsanani da dare a garuruwan bakin fadama. Gidan da ke da yara da yawa yana buƙatar abin rufa fiye da yadda aljihun maigida zai iya saye. Na biyu shi ne tarihin yaƙi. Ƙasar da ta shafe fiye da ƙarni guda tana gwabzawa a kan dawaki ta san lifidi farin sani, lifidi kuwa shi ne mafi girman misalin ɗinki mai rufi-rufi da Hausawa suka sani.

3.0 Waiwaye a Kan Wasu Kalmomi

Harshen Hausa ya rarrabe guntayen tufa rarrabewa mai kyau. Ƙyalle guntun yadi ne ƙarami, sabo ko tsoho, kuma kalmar ba ta ɗauke da aibu. Tsumma kuwa tufa ce da ta ci ta ƙare, shi ya sa kalmar take zuwa da ma'anar talauci da ƙasƙanci idan aka jingina ta ga mutum. Maho shi ne guntun da aka ɗora a kan ɓula ko yaga domin a rufe ta, aikin kuma ana ce masa banki. Faci kalmar aro ce daga Ingilishi, ta fi zama a bakin masu gyaran taya, ko da yake ta shiga fagen ɗinki. Ƙwarya, a harshen masaƙa, ita ce siririn yanki mai tsawo da ke fitowa daga masaƙar maza.

Kalmar lifidi ta samo asali daga Larabci, inda tushenta ke nufin ulun da aka danne ya zama shimfiɗa mai kauri. A karin harshen Gobir da sauran kare-karen yamma, inda sautin /f/ kan koma /h/ kafin wasalin /i/, ana furta ta da lihidi. Wannan rarrabewa ta kalmomi tana nuna cewa mai magana da Hausa yana bambanta guntun da bai taɓa jikin kowa ba da wanda ya sha gumin mutum. Za a ga amfanin wannan bambanci a sashe na 7.0.

4.0 Saiwoyin Fasahar

4.1 Haɗa Ƙwarya

Kafin yadin masana'anta ya mamaye kasuwa, kusan duk tufar da ta fito daga masaƙar maza haɗaɗɗiya ce. Masaƙi yana fitar da ƙwarya mai tsawon gaske, faɗinta kuma ya danganta da irin saƙar: ta turkuɗi siririya ce da ba ta fi faɗin yatsa ba, ta luru kuwa takan kai tafin hannu ko ta wuce. Sai an yanka wannan ƙwarya daidai tsawon da ake so, an jera yankunan gefe da gefe, an bi su da allura, sannan a samu zane ko riga ko rawani. Saƙi da tsamiya da barage duk ta wannan hanya suke zama tufa. Gwadon da mata ke saƙawa a masaƙar tsaye ya fi faɗi, amma shi ma akan haɗa fale biyu ko uku kafin ya isa rufa.

Ma'anar wannan ita ce, ɗinkin haɗa baki da baki shi ne matakin farko na yin tufa a ƙasar Hausa. Idon Bahaushe ya saba da ganin layukan haɗi a jikin tufa mai daraja, ya kuma saba da adon da ke fitowa idan aka jera ƙwarya mai launi kusa da fara. Wadda ta yanka ƙyallaye dogaye ta jera su a tsaye tana bin tsarin da masaƙa da maɗinka suka gada tun kaka da kakanni, ko da kuwa ba ta taɓa ganin masaƙa ba.

4.2 Lifidi

Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigo da lifidi da kwalkwali da sulke ga Sarki Kanajeji, wanda ake ƙiyasta mulkinsa tsakanin 1390 da 1410. Tsarin lifidi shi ne a samu yadi rufi biyu, a cusa audugar rimi a tsakaninsu, a bi da ɗinki layi-layi domin kada audugar ta taru wuri ɗaya. Akwai na doki da na mahayi. Smaldone (1977), a nazarinsa na yaƙi a Daular Sakkwato, ya kawo sunayen sassan na mahayi, kamar bantan lifidi da safa da kumakumi.

Amfanin lifidi ya ta'allaƙa ne da irin makamin zamanin. Kibiyar maharbi takan kashe ne da dafin da aka shafa mata, don haka duk abin da ya hana tsininta taɓa fata ya ceci rai. Audugar rimi ba ta da nauyi, ba ta kuma shan ruwa da sauri, sai dai tana kama wuta nan take, shi ya sa abokan gaba kan harbi 'yan lifida da kibau masu wuta. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta fito da dawakin lifidi, jama'ar Shehu Usmanu kuwa yawancinsu maharba ne 'yan ƙasa, kuma su suka yi galaba. A 1826 Baturen nan Clapperton ya shaida harin da rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kai wa Konya, inda Gobirawa suka yi tunga a lokacin. Ya bayyana yadda sai an tallafa wa ɗan lifida kafin ya iya hawa dokinsa, da yadda harsashin bindiga ya ratsa lifidin ɗaya daga cikinsu ya kayar da shi. Bindiga ce ta kawo ƙarshen lifidi a fagen fama, ya koma kayan hawan salla.

Abin da ya shafi wannan maƙala shi ne fuskar lifidin. A hawan sarakuna na Arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kamar na mahayan Dosso, ana ganin lifidin da aka harhaɗa bayansa da yankuna masu launi daban-daban, wasu masu kusurwa huɗu, wasu masu kusurwa uku. Ke nan a lifidi an haɗa dabaru biyun da ake buƙata wajen ɗinka bargon ƙyallaye: harhaɗa fuska, da danne rufi uku da allura. Dalilin da ya sa lifidi ke da zafi a jikin mahayi shi ne dalilin da ya sa bargon ke maganin hunturu, wato iskar da ke maƙale a tsakanin rufin tana hana ɗumin jiki fita.

4.3 Maho da Rigar Zuhudu

Saiwa ta uku ita ce maho. Talaka yana yin maho bisa larura, amma a tarihin Musulunci tufa mai maho ta samu daraja ta daban. Ruwayoyi sun nuna Halifa Umar ɗan Haɗɗabi yana sanye da tufa mai maho alhali yana shugabantar daula, sufaye kuma suka riƙi riga mai maho a matsayin alamar gudun duniya, har Hujwiri ya ware mata babi a littafinsa na sufanci a ƙarni na 11. Mabiya Mahadin Sudan, wanda ya bayyana da'awarsa a 1881, sun mayar da jibba mai maho tufar yaƙi, daga baya mahon ya zama ado da ake tsarawa daidai wa daida a gaba da baya. Wannan da'awa ta iso ƙasar Hausa ta hannun irin su Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello. A Sanagal kuma, mabiya Shehu Ibra Fall na ɗariƙar Muridiyya har yau an san su da riguna na ƙyallaye masu launuka. Darasin da ke nan shi ne, abin da ya fara a matsayin larura yana iya komawa ado da alamar mutunci, idan al'umma ta ba shi ma'ana.

5.0 Yadda Ƙyalle Ya Yawaita

Tsohon ɗinkin Hausawa ba ya barin rara mai yawa. Riga da taguwa da zane duk yankansu miƙaƙƙe ne, maɗinki kuma yana yanke ƙwarya ne daidai buƙata. Abin da gida ke tarawa a wancan zamani tsumma ne. Sauyi ya zo a ƙarni na 20, lokacin da akoko da alawayyo da atamfa suka cika kasuwanni, keken ɗinki ya isa ƙauyuka, mata kuma suka rungumi riga mai bin jiki. Yankan wuya da hammata da hannu lanƙwasasshe ne, duk inda almakashi ya lanƙwasa kuwa sai ya bar guntu. Turmin atamfa mai yadi shida, idan aka fitar da riga da zane da ɗankwali, ba ya rasa barin abin da zai cika tafi.

Masana'antun cikin gida sun ƙara wa abin yawa. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa da Gusau, yadin auduga ya yi araha. Durƙushewar waɗannan masana'antu daga shekarun 1990 zuwa na 2000 ta buɗe ƙofa ga yadin Asiya, wanda da yawansa ke gauraye da zaren roba. Wannan ya shafi mai haɗin ƙyallaye kai tsaye, domin yadin roba yana santsi a ƙarƙashin allura, ba ya shan gumi, yana kuma narkewa idan dutsen guga ya yi zafi ko garwashi ya faɗa masa.

6.0 Matakan Haɗin Ƙyallaye

Matakin farko shi ne tantancewa. Ana ware ƙyallaye bisa kauri kafin a dubi launi: atamfa da atamfa, shadda da shadda. Idan aka haɗa mai kauri da marar kauri, mai kaurin yana jan ɗan uwansa har ya yage a bakin ɗinki. Haka ma haɗa sabo da tsoho a fuska ɗaya, domin tsohon zai riga mutuwa ya bar ɓula. Saboda haka tsofaffin zannuwa sun fi dacewa da zama a ciki, sababbin ƙyallaye kuma a waje.

Mataki na biyu shi ne wanki da guga. Sabon yadin auduga yana tsukewa idan ya shiga ruwa, wata atamfar kuma tana zuba. Wanke su tun kafin yanka shi ke hana bargo tattarewa ko launin wani ƙyalle ya ɓata maƙwabcinsa. Guga kuma yana miƙar da su a samu awo na gaskiya.

Mataki na uku shi ne yanka. Akan yanki kwali a mayar da shi ma'auni, a riƙa ɗora shi a kan kowane ƙyalle. Wajibi ne yankan ya bi zaren tsaye ko na kwance na yadin, domin abin da aka yanka a karkace yana miƙewa ya gurɓata layi. A nan ne lissafi ke shigowa. A ɗauki misalin bargo mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1.6. Idan kowane gida zai kasance santimita 10 a kowane gefe, ana buƙatar gida 320. Da yake ɗinki zai ci santimita 1 a kowane gefe, sai an yanka su a kan santimita 12, wanda ke nufin za a ci yadi murabba'in mita 4.6 domin a samu fuska mai murabba'in mita 3.2. Kusan kashi 31 cikin ɗari na yadin ya tafi a cikin ɗinki, tsawon layukan haɗi kuma ya haura mita 60. Idan aka ɗaga girman gida zuwa santimita 20, gida 80 ya isa, abin da ɗinki zai ci ya sauko zuwa kashi 17 cikin ɗari, layukan haɗi kuma ba su kai mita 29 ba. Wannan lissafi yana nuna cewa bargo mai ƙananan gidaje ya fi cin yadi da zare da lokaci, don haka ƙanƙantar gida shaida ce ta haƙurin mai ɗinki.

Mataki na huɗu shi ne jerawa da haɗawa. Ana baza yankunan a kan tabarma a yi ta sauya musu wuri har ido ya gamsu. Ƙa'idar da ta fi tasiri ita ce ta haske da duhu: idan aka sa mai duhu kusa da mai haske, tsarin yana fitowa ko da launukan ba su da dangantaka. Inda aka rasa wannan, sai aikin ya zama abin da Hausawa ke kira haɗin gambiza. Ana fara haɗa gidaje su zama layi, sannan a haɗa layi da layi, ana kwantar da bakin ɗinkin da guga ko da farce. Guntayen da ba su da siffa kuwa akan ɗora su a kan tsohon zane, a lanƙwasa bakinsu a ɗinke, kamar dai yadda ake yin maho, har zanen ya rufu gaba ɗaya.

Mataki na biyar shi ne haɗa rufi. Ana shimfiɗa zane guda a matsayin baya, a ɗora abin ciki, a rufe da fuskar da aka haɗa. Abin cikin yana iya zama tsofaffin zannuwa, ko audugar da aka shiɓe, ko audugar rimi. Zannuwa sun fi nauyi amma suna jure wanki, auduga kuwa ta fi ɗumi amma tana dunƙulewa idan layukan ɗinki sun yi nisa da juna. Ana fara dannewa daga tsakiya a nufi baki, domin duk wani kumburi ya fita waje, da zare mai ƙarfi da doguwar allura. Daga ƙarshe a kalmashe bakin, ko a naɗe shi da dogon ƙyalle, tun da baki ne ke fara lalacewa.

7.0 Ƙyalle a Fiƙihu da Al'ada

Tambayar da ba ta rabuwa da wannan sana'a ita ce: ƙyallen da ya rage a shagon tela na wane ne? A mazhabar Malikiyya mai sana'a yana lamunin abin da aka damƙa masa, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta tabbatar. Yadi mallakar wanda ya kawo ne, rararsa ma haka, sai fa abin da ya yafe, ko abin da al'ada ta nuna ba a waiwayarsa saboda ƙanƙanta. Tsakanin guntun da ba a waiwaya da rabin yadin da zai isa rigar yaro akwai tazara, a cikin wannan tazara ce kuma zargin da ake yi wa teloli na riƙe rarar yadi ya samu gindin zama. Mai sayen ƙyallaye a shago tana shiga wannan mas'ala ko ta sani ko ba ta sani ba.

Ta fuskar al'ada, Bahaushe yana kaffa-kaffa da tufar da ta taɓa jikinsa. Imanin cewa ana iya yi wa mutum sammu da guntun tufarsa, kamar yadda ake yi da gashinsa ko ƙasar sawunsa, tsohon abu ne. Shi ya sa sabon ƙyalle ke iya yawo daga shago zuwa gida, tsumma kuwa ya fi zama a cikin gidan da ya tsufa. Sakamakon haka shi ne, bargon da aka ɗinka a gida yakan zama taskar tarihin iyali. A fuskarsa ana iya nuna ankon bikin wance, da guntun atamfar lefe, da rarar kayan salla na wata shekara, a cikinsa kuma akwai zanen uwa ko na kaka. Mai nazarin da ya iya karanta irin wannan bargo zai samu bayanin irin yadin da ya shigo gari, da zamanin da ya shigo, da kuma ƙarfin aljihun masu gidan.

8.0 Takwarorinta a Duniya

Wasu al'ummu sun riga sun ɗaga darajar irin wannan aiki nasu. A Bangal akwai kanta, da ake yi da tsofaffin tufafin mata, a Sind ta Pakistan akwai ralli, a Japan akwai boro na manoma. Siddawan Indiya, waɗanda asalinsu 'yan Afirka ne, suna da nasu da suke kira kawandi. Barguna na matan Gee's Bend da ke Jihar Alabama ta Amurka, jikokin bayi, sun shiga manyan gidajen baje kolin zane a 2002, bayan an daɗe ana kallonsu a matsayin kayan talauci. A duk waɗannan wurare fasahar ta daɗe a hannun mata, abin da ya sauya shi ne an rubuta sunayen salonta, an kuma adana samfurinta.

9.0 Halin da Ake Ciki

Abubuwa biyu ke yi wa haɗin ƙyallaye barazana a gabashin Sakkwato. Na farko kasuwa ce: bargon roba na ƙasar Sin da kayan gwanjo sun sa aikin makonni ya zama abin da ake iya saye a yini ɗaya. Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne rashin tsaro. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga sun tilasta wa dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tsallakawa zuwa Jihar Maraɗi, Sabon Birni da Isa kuma suna cikin wuraren da abin ya fi shafa. A 2021 an katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Sakkwato, an kuma rufe kasuwannin mako a Zamfara, wanda ya taɓa kasuwar Shinkafi da mutanen Isa ke ci. Rufe iyaka a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ya ƙara tsananta lamarin.

Haɗin ƙyallaye sana'a ce ta zaman lafiya. Tana buƙatar tela da ke da aiki, da gidan da za a tara guntaye na tsawon watanni, da tsohuwa da yarinya a tabarma ɗaya. Wanda ya gudu da dare ba ya ɗaukar ƙunshin ƙyallaye. Sai dai kuma mai gudun hijira ya fi kowa buƙatar abin rufa, kuma wannan sana'a ce da jarinta bai wuce allura da zare da almakashi ba. Duk wani shirin koya wa matan da aka raba da gidajensu sana'a zai fi ɗorewa idan ya ginu a kan abin da hannunsu ya riga ya sani.

10.0 Kammalawa

An ga yadda haɗin ƙyallaye ya tattara dabaru uku da Hausawa suka daɗe da su: jera ƙwarya, da danne rufi irin na lifidi, da ɗora maho. An kuma ga cewa atamfa da keken ɗinki ne suka samar da kayan aikin a yalwace, kuma fiƙihu da al'ada suna da ta cewa a kan kowane guntu. Ƙasar da ta haifi Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa, ta samu ɗalibai masu yawa da suka nazarci waƙoƙin fadarta, aikin allurar matanta kuwa yana jiran nasa rabon. Aikin da ke gaban sassan koyar da Hausa a Sakkwato da Gusau da Katsina da Maraɗi a bayyane yake: a tattara sunayen ɗinki da na salo daga bakin matan Burkusuma da Gatawa da Turba da Tsibiri a karin harshensu, a ɗauki hoton barguna tare da tarihin ƙyallayensu, a kuma nemi maɗinkan lifidi da suka rage a fadoji a rubuta yadda suke aiki. Yawancin masu wannan sani dattawa ne, da dama daga cikinsu kuma suna zaune a garuruwan da ba nasu ba, don haka jinkiri a wannan aiki asara ce.